Ƙararrawar da Na Kai Gwangwan

Alhamis: Kano zuwa Karaye

Tun kafin ladanin unguwarmu ya yi kiran farko na fita daga gida, da buhu a kafaɗa wanda ya kusa karya mini wuya. Lokacin kaka ne, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba a haife ni da jarumta ba. Ko ɓera ya gifta a shago sai na ɗage ƙafa. Amma ƙanena Bulus yana aikin bishara a wata unguwar Maguzawa a bayan Gwangwan, ƙasar Rogo, kuma tun farkon damina ba mu ji ɗuriyarsa ba. Saƙonsa na ƙarshe shi ne mai gari ya yarda ya kafa rumfar sujada, da sharaɗi guda: ranar da hankalin gari ya tashi saboda ita, ranar za a rushe ta, shi kuma ya tattara nasa ya nasa.

Matan zumunta na ikilisiyarmu suka sa aka yi masa ƙararrawa da tsohuwar tukunyar gas ta masu walda, aka yanke gindinta aka yi mata kunne. Da aka zo neman mai kaiwa, kowa ya juyo ya dube ni. Shugabarsu, Mama Rifkatu, ta ce, "Ɗana, ka rataya ta da hannunka, ka buga, ka dawo ka gaya mana yadda take kuka."

Na sami babbar motar da ke zuwa ɗauko gyaɗa, muka hau baya. Ba mu yi nisa da barin gari ba muka tarar da shingen soja. Wani dogo ya leƙo, ya zunguri buhuna da bakin bindiga, ƙarfe ya amsa.

"Na wane ne?"

Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya sa na sauke, na kwance. Da doguwar baƙar tukunyar nan ta bayyana, fasinjoji suka dare, wata tsohuwa ta kama salati. Sai a lokacin na ga abin da suka gani: ba ta da maraba da bam.

"Ranka ya daɗe, ƙararrawar coci ce."

"To buga mu ji. Amma can, kai kaɗai."

Na ja ta tsakiyar fili, bindiga tana kallona, na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa. Ta yi wata doguwar ƙara. Sojan ya yi dariya ya ce in ɗauki tsiyata in tafi. Har muka isa Karaye da la'asar ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni.

Karaye

Ban san kowa ba a garin. Direba ya nuna mini zauren wani Malam Isiyaku mai makarantar allo, ya ce ba ya korar baƙo. Na yi sallama, na riga na ƙulla a raina zan ɓoye ko ni wane ne. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kano, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Sai da na wanke hannu ya ce, "Ina aka nufa?"

"Wajen Gwangwan, Allah ya gafarta Malam. Ziyara."

Ya ƙura mini ido. "Goshin nan na san shi. Kai ɗan'uwan Bulus ne, malamin masu coci." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce in kwantar da hankalina, Bulus yakan kwana a nan idan ya zo neman magani. Sannan ya yi ƙasa da murya: "Ba ka ji ba ke nan. Yarinyarsu ta rasu da damina, ƙyanda. Allah ya ba ku haƙuri." Na ce amin. A zauren nan na kwana.

Juma'a da Asabar: Rogo da Gwangwan

Mota ba ta samu ba, sai na bi ayarin masu jakuna da ke komawa Rogo. Muka ƙetare wani rafi da ruwa ya kawo mini ƙugu, ina riƙe da wutsiyar jaki ina karanta duk Zaburar da na haddace. A hanya ba a maganar komai sai yaƙi: wai an ga jirgi, wai an ga baƙin fuskoki a daji. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya san wanda ya gani. Na kwana a rumfar kasuwar Rogo, na karya da fura, na sake bin wasu zuwa Gwangwan. Daga nan na saɓi buhuna na bi wata siririyar hanya cikin dawa wadda ta fi ni tsawo.

Da na ga Bulus ban gane shi ba. Wandon da na ɗinka masa bara sai da igiya yake zama. Matarsa Saratu ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya," sai hawaye. Suka nuna mini ɗan tudun ƙasa a bayan ɗaki. Suka nuna mini rumfar: kara ne da ciyawa, iska ta kayar da ita sau biyu, an sake tayarwa. Masu zuwa sujada ba su cika hannu biyu ba. Filin kuwa wani dattijon Bamaguje ne mai suna Nomau ya ba shi, ko da yake shi kansa bai taɓa shiga ba.

Na kwance buhu ina jiran ya yi murna. Bulus ya shafa ƙarfen ya ce, "An gode. Bari mu fara gaya wa mai gari tukuna, Yaya." Na ɗauka kawaici ne kawai irin nasa.

Lahadi

Gari na wayewa ya fita, kamar yadda ya saba, yana bin gida gida da ƙafa yana kiran mutanensa. Na tsaya ina kallon ƙashin bayansa har ya shige dawa, tausayi ya kama ni. Ga abin da zai hutar da shi a kwance a ƙofar ɗaki! Saratu ta tafi rijiya. Na jawo tukunyar, na rataya a reshen ɗorawa, na sami guntun ƙarfe na ba ta da ƙarfina, na ƙara, na ƙara.

Kafin ƙarar ta mutu na ji kururuwa daga gabas, wata ta amsa daga yamma. Mata suka fito da yara a baya suna kutsawa cikin dawa, tukwane suna fashewa. Sai ga maza ta kowace kusurwa, Maguzawa da Musulmi, da baka da kibiya, da gatari, da bindigar toka. Suka yi mini zobe. Ga baƙo wanda ba su sani ba, ga wani abu mai kama da bam yana lilo a bishiya.

"Ta ina suka ɓullo?"

"Wa ya aiko ka?"

Wani ya ɗana kibiya har ina ganin baƙin dafin a tsininta. Bulus ya faso taron a guje ya tsaya a gabana ya ware hannu. "Yayana ne! Uwa ɗaya uba ɗaya! Ba kowa, ba yaƙi!"

A nan na ji kalmar da ban taɓa kula da ita ba: kuge. Ashe tun da aka fara yaƙi mai gari ya yi shela cewa ƙarfe ba zai yi kuka a ƙasarsa ba sai don hari ko gobara, kuma shi kaɗai ke da ikon sa a buga. Abin da ni na ji ƙararrawa, su kugen yaƙi suka ji.

Mai gari ya iso da ƙafa, rawaninsa a warware, yana haki. Ya saurari kowa. Ya dubi rumfar, ya dubi Bulus. "Malam Bulus, me muka yi da kai?"

"Ranka ya daɗe, ban manta ba."

Har wasu samari sun kama ginshiƙin rumfar suna jiran umarni. Na zube ƙasa na ce ni ne mai laifi, a yi mini duk abin da za a yi. Ba wanda ya ko kalle ni. Sai tsoho Nomau ya dogara sandarsa ya matso.

"Ranka ya daɗe, baƙo ko da ido makaho ne. Wannan kuwa," ya nuna Bulus, "'yarsa tana cikin ƙasata. Wanda ya ba ƙasa ɗansa, ai ya wuce a ce masa tashi. Rumfa ba ta yi kuka ba. Ƙarfe ne ya yi."

Mai gari ya juya wajen ɗorawar. Ya je ya ƙwanƙwasa tukunyar da zobensa, ya saurara. "Ya fi kugena murya," in ji shi. "To, ɗaya zai bar wurin nan, ko rumfa ko ƙarfe."

"Ƙarfe, ranka ya daɗe," in ji Bulus, tun mai gari bai rufe baki ba.

"A kai shi ƙofar gidana a rataya. Daga yau na gari ne. Ranar da wuta ta kama rumfar nan taku ma, shi za a buga, kuma duk waɗannan za su zo."

Samarin suka saki ginshiƙi. An daɗe ana kiran mata su fito daga dawa. Da hantsi muka yi sujada. Na nemi gafarar Bulus. Ya ce, "Bar shi, Yaya. Ƙarfe bai san sunan kowa ba. Ni kuwa idan na je ƙofar mutum, nakan ji ko ya kwana lafiya."

Komawa

Na bar masa rigunana biyu da takalmina mai kyau, tunda tafiyarsa ta ƙafa ba ta ƙare ba. Na biyo ta Rogo, na sake kwana a zauren Malam Isiyaku, wanda labari ya riga ni isa wurinsa; ya yi dariya har da share hawaye. A shinge sojan nan ya tambayi bam ɗina, na ce na kai shi, kuma ya tashi. Na shiga gida ranar Laraba da yamma, na gode wa Ubangiji da ya dawo da ni da raina, na gode wa Malam Isiyaku da tsoho Nomau, waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma suka rufa mana asiri.

Ban ko huta ba sai ga Mama Rifkatu. "Ɗana, yaya kukanta?"

Na ce, "Mama, tana da murya. Bugu ɗaya ta tara gari duka." Ta ɗaga hannu sama tana godiya. Sai na zaunar da ita na gaya mata sauran, har da ɗan tudun nan na bayan ɗaki, har da maganar mai gari ta ƙarshe. Ta ce in haka ne sai mu canza addu'a. Tun daga ranar, duk Lahadi idan ƙararrawarmu ta nan ta kaɗa, mukan roƙi Allah kada ya kawo ranar da za a buga ta Gwangwan.