Akushin da Ban Mayar Ba

Edita, ka yi haƙuri da tsoho, abin ya daɗe yana cina. Bayan an gama yaƙin basasa ni ne kuku a gidan baƙi na gwamnati a Kankia. Tuzuru ne ni, ga farar riga ga albashi, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Baƙinmu manyan ma'aikata ne daga Kaduna, sai Turawa masu yawon buɗe ido da ke ratso hamada a mota, su kwana wurinmu su wuce Kano. Da magariba nakan ɗebi abin da na dafa in kai ƙofar gida inda muke ciyayya, kowa ya kawo kwanonshi a haɗu a ci. A kan tabarmar nan akwai aminina, ɗan gidan malamai daga Ƙofa ta wajen Kusada, yana koyar da allo a garinmu. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana da komai sai Baturen miya.

Sai annobar amai da gudawa ta shigo. Hukuma ta hana cin kasuwa, ta hana zaman makoki, aka kori masu nono daga bakin tasha. Amma gidan baƙi ko ƙofa ba a tura ba. Motoci na zuwa, baƙi na fita suna ɗaukar hoton rumbuna. Mutane suka fusata, suna cewa an hana ɗan Rimaye kawo geronshi kasuwa, amma wanda ba a san inda ya kwana jiya ba an shimfiɗa mashi gado. Wallahi gaskiya suka faɗa. To amma gwamnati na Kaduna, ni ke kusa, sai aka bar jaki ana dukan taiki. Kwanona kawai na ga hannuwa na kewayewa, a ci na kowa a bar nawa ya huce. A masallaci ma sai in ga sahu ya buɗe a gefena. Zuciya ta ɗebe ni, na naɗe tabarmata na koma kicin, ina ci ni kaɗai ina kallon bango. Kaɗaici ya kusa kashe ni, amma girman kai ya hana in nuna.

Ran nan bayan la'asar sai ga aminina a bakin wayar da ta kewaye gidan baƙi, riƙe da akushin tuwon dawa da miyar kuka. Ya ɗaga murya yana tsokanata, wai tunda Baturen miya ya yi yaji, shi ya zo biko, in buɗe mu ci tare. A lokacin manaja ya kafa doka kada ɗan gari ya shigo harabar, wai kar baƙi su tsorata. Ga manajan zaune a baranda da wasu Turawa, suna kallonmu. Da na so, da na fita na zauna da shi a gindin darbejiya, dokar ba ta hana wannan ba. Ina! Haushin mutane goma na sauke a kan wanda ya zo. Na ce mashi tunda suna ƙyamar kwanona, ni ma ina ƙyamar nasu, ya tafi da abinshi.

Bai yi fushi ba. Ya yi 'yar dariya, ya ɗora akushin a kan ginshiƙin ƙofa, ya ce zai je Ƙofa duba mahaifiyarshi ba ta da lafiya, in ya dawo zai karɓi akushinshi, kuma kar in kuskura in mayar mashi da shi wayam. Yana juyawa wata Baturiya ta ɗauke shi hoto. Da baƙi suka shige ɗaki na ɗauko tuwon na cinye tas, har da suɗe akushi. Na ce in ya dawo zan cika mashi shi da dambun nama, mu shirya.

Mahaifiyar ta tashi, shi ne annobar ta kayar bai tashi ba. A bakin wani direba na ji, bayan an riga an binne shi. Ba zaman makoki, ba inda zan je in yi gaisuwa. Ranar sai da na soya wa baƙi ƙwai, hawaye na ɗiga a hannuna. Annoba ta wuce, aka buɗe kasuwa, 'yan ciyayya suka aiko in dawo. Na koma, amma tuwo bai ƙara yi mani daɗi a tabarmar nan ba.

Hukuma ta yi rashin adalci, har gobe ina faɗa, ta kare baƙo ta takura ɗan gida. Amma ba gwamna ne ya tsaya a bakin wayar nan ba, ni ne. Jama'a, in an ɓata maku rai, ku dubi fuskar wanda ke gabanku kafin ku buɗe baki, wataƙila shi kaɗai ne ya zo. Wani lokaci nakan tuna cewa a can ƙetaren teku akwai hoton aminina a gidan mutanen da ko sunanshi ba su sani ba. Ni da na san sunan, akushi kawai gare ni, kuma har yau wayam yake.