Akwatunanmu a Bakin Titin Sheme

Har gobe ba zan manta da ranar da na tarar da akwatunan littattafanmu a yashe a bakin titin Sheme ba. Ku da kuke wannan aiki yanzu, ku ji yadda aka yi.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, kowa ya koma ɗan kwangila. Ni kuwa ina sakataren wata ƙungiyar masu son karatu a Ƙanƙara. Ba ta gwamnati ba ce. Malaman makaranta ne da na asibiti da na gona, kowa yana ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Babban aikinmu shi ne yawo da littattafai: mu kwashe su da hotuna da taswirori mu kai wani gari, mu ari aji ɗaya a firamare mu baje su mako guda, jama'a su zo su gani su karanta, sannan mu yi gaba. A wannan shekarar mun ƙara da rubuce-rubucen ajami da muka aro daga gidajen malamai, kuma ni na sa hannu a kan kowanne. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na Malam Barau na Damari, waƙoƙin wa'azi da kakansa ya rubuta da hannunsa. Sai da na yi sawu uku kafin ya yarda.

Abin da 'yan ƙungiya ke tarawa bai isa hayar mota ba. Sai shugabanmu, Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, ya samo mana wani ɗan kwangilar gini, Alhaji Ɗahiru, wanda ya ce zai ba mu babbar motarsa da direba har mu gama. Sharaɗinsa ɗaya, a rubuta sunansa a ƙyallen da muke ratayawa, kuma ya fi na ƙungiya girma. Na ce to mu ma a rubuta mana alkawarinsa a takarda.

Malam Isiyaku ya ce, "Haba Malam Sani! Mu ce wa Alhaji shi sa hannu? Sai ka ce ba mu yarda da shi ba."

Ƙanƙara da Faskari an gama lafiya. Ranar tashi zuwa Sabuwa na tsaya aka loda kaya, sannan na hau babur na yi gaba don in shirya wuri. Na sa aka share aji, aka yi shela a kasuwa, wakilin hakimi ya ce zai zo buɗewa washegari. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, ba mota. Ga shi farkon damina ne, kafin magariba ruwa ya kece. Babu waya a garin, ba wanda zan tambaya.

Da gari ya waye na juyo, ina tafe ina tambaya. A Sheme na hango su, akwatuna goma sha ɗaya a jibge gefen rumfar wani dattijo mai shayi. Ya ce mini saƙon Alhaji ne ya tari direba a nan, wai siminti ya iso tashar jirgin ƙasa a Funtua, shi ne ya sauke kayan ya wuce. Da hadari ya taso, dattijon ya ja waɗanda ya iya zuwa cikin rumfa, sauran ya lulluɓe da tabarmi. Na buɗe akwatin ajami. Ruwa ya shiga ta kusurwa ɗaya.

Alhaji yana da gini a nan cikin Sheme, can na same shi a kan kujera yana kallon magina.

Na ce, "Ranka shi daɗe, an yar mana da kaya a titi, ruwa ya taɓa su."

Ya ce, "Malam, siminti ne fa. In ruwa ya taɓa shi ya daskare, an yi asara."

"Takarda fa, Alhaji?"

"Ai sai ka shanya ta. Ka yi haƙuri, jibi mota za ta dawo."

Na juya na bar wurin, don na san abin da zai fito daga bakina ba mai kyau ba ne. Wani ɗan ƙungiyarmu, Malam Garba malamin gona, shi ya samo tarakta mai jan tirela. Da ita muka lallaɓa cikin taɓo har Sabuwa, ina zaune a kan akwatuna.

An buɗe bayan kwana biyu. Wa zan gani? Alhaji Ɗahiru a cikin marsandi, ya sha babbar riga. Ya yi jawabi a kan darajar ilimi, aka tafa masa. Malam Isiyaku ya matso ya raɗa mini cewa in rubuta masa takardar godiya, don baɗi ma za mu buƙace shi. Na rubuta. Sau uku ina yagawa kafin ta fito ba zagi a ciki.

Da aka tashi na ɗauki littafin Malam Barau na kai masa Damari da kaina, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ya daɗe yana juya warƙoƙin littafin. Biyu daga cikinsu tawada ta narke, ba a iya karanta komai. Ya ce waƙoƙin suna kansa tun yana yaro, zai sake rubuta su.

Sannan ya ce, "Amma hannun kakana ya tafi, Malam Sani. Wanga ba ni iya maido shi. Kuma ba Alhaji na ba amana ba, kai na ba."

Bai ɗaga murya ba, har ya sa aka kawo mini fura. Na kasa sha.

Na yi shekaru a wannan aiki bayan nan, na ga masu ba da taimako iri-iri, na kirki da masu son a gan su. Ban daina karɓa ba, don ƙungiya ba ta tafiya sai da su. Amma na gane cewa mai ba da mota, motarsa ce a ransa. Kayan da ke ciki kai kaɗai ka san masu su. Daga ranar ban sake barin kayan aro su hau wata mota ni ina kan wata ba. Malam Barau kuwa mun ci gaba da gaisawa har Allah ya yi masa rasuwa, amma bai ƙara ba mu ko warƙa ɗaya ba, ni ma ban taɓa iya buɗe baki na roƙa ba.