Ɗanmusa Mahauci da Kwaɗon Tafasa

Sadda nake takabar Malam, Ɗanmusa mahauci ya aiko mini da ƙashin miya ranar kasuwa, bai karɓi komai ba. Na gode mishi, har yau ina godewa. Iyakar alherin da na sani gare shi ke nan.

Tun yana saurayi fatarsa ke saɓa, fari-fari, a gwiwar hannu da ƙafa da tsakar kai. Ba ya zaman wuri bai bar garin saɓa ba. Cikinsa kuwa kullum a kumbure, don ba ya cin abin da ba kitse. In ya ga ana kwaɗo sai ya ce abincin awaki.

Shekarar da ruwa ya ƙi, fari ya zo Unguwar Lalle, mu muna tsinkar tafasa da yaɗiya, shi kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Shanun Fulani na faɗuwa, yana saye a wulaƙance, har da na Illo mijin Hajo mai nono. Nama safe, nama rana, ga shayi kamar zuma. Jiki ya yi ja, ya tsage, ya hana shi sa riga. Sai ya tsaya tsakar kasuwa yana nuna Hajo.

"Ke kika yi mini sammu saboda shanunku!"

"Kawu, in da na iya sammu, ai da ruwa na kira," in ji ta.

Anka yi dariya, amma daga ranar ba mai taɓa ƙwaryarta. Ga 'ya'ya, ga saniya guda da ta rage.

Shanu sunka ƙare, mahauci ya koma cin abincin awaki tare da mu. Kafin damina cikinsa ya sace, saɓar ta kwanta. Wani malamin asibiti a Sabon Birni ya faɗa mishi ciwon ba ya rabuwa da mutum, amma rage kitse da zaƙi da yawaita ganye na sassauta wa wasu. Kadijatu matarsa ce ta gaya mini, tana rufe baki da gyale. Shi ko a kasuwa cewa yake rubutu ne ya karya sammun Hajo. Ita tana can tana yawon ƙauyuka da nono, inda ba a san ta ba.

Ruwa ya dawo, nama ya dawo, saɓa ta dawo. Wata hantsi sai ga shi a zaurena yana sosa gwiwa, yana waige.

"Adda, za ni riƙa aiko da ƙuli, ki kwaɗa mini tafasar nan."

"Gidanka ba a kwaɗo?"

"Mata ba su da zurfin ciki. In anka ji ganye ne, sai a ce ƙarya na yi wa Bafillatanar nan. Don Allah, kar kowa ya ji."