Yaya Abdulmuhaimin, wanda aka yi ta leƙe ta taga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Abdulmuhaimin Jika a gidanmu na Bukuru, yana da shekara hamsin da biyu. Ciwon zuciya ne, bai yi jinyar kwana uku ba.

Yaya, kai ne cikinmu ka gaji mahaifinmu Baffa a sanin shanu. Tun muna kiwo ka kan dubi tafiyar saniya ka faɗi abin da ke damunta. Wannan baiwa ce ta kai ka karatun lafiyar dabbobi, ta kuma kai ka ƙasar Suwizalan, inda ƙungiyar masu madara ta wani ƙauye a gindin duwatsu ta ɗauke ka aiki. Shekara goma sha huɗu ka yi a can tare da matarka Ummusalma. Can aka haifi 'yarku Fatimatuzzahra, amma ka ce mini haihuwa a ƙasarsu ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa.

Wasiƙunka na farko yabo ne zalla: tsabta, cika alkawari, jirgin ƙasan da ba ya latti. Daga baya sunan Klaudiya ya fara shigowa, dattijuwar da gidanta ke kallon naku. Ka ce duk sanda ka fito, labulenta sai ya motsa. Ta san ranar da ka fitar da shara ba a kan ƙa'ida ba, ta san Lahadin da Ummusalma ta shanya wanki.

Da ka cika shekarun da doka ta gindaya, ka nemi zama ɗan ƙasa. Kwamitin ƙauyen ya zaunar da kai. Ka amsa musu sunayen duwatsu da tarihin yankin da Jamusancinsu. Sai shugaban ya zaro wata takarda marar sa hannu, wadda ta ce duk Juma'a wasu baƙin maza na taruwa a ƙofarka. Mutum uku ne, masu aikin gona, da kake ragewa hanya zuwa masallacin birni. Ka yi bayani, aka gyaɗa kai. Ranar taron ƙauye aka ɗaga hannu, waɗanda suka ƙi suka rinjaya.

Har ka rasu ba ka san wanda ya rubuta takardar nan ba. Ka zargi Klaudiya, ka zargi wani abokin aikinka, ka ce har gaisuwar mai burodi ka koma aunawa. Duk da haka, da saniyar manomin da ya fi kowa sukarka a taron ta kasa haihuwa wata safiya, kai ka taka ƙanƙara ka je. Ka zura hannu ka juya maraƙin, uwa da ɗa suka rayu. Ummusalma ta tambaye ka ko ya gode. Ka ce, "Saniyar dai ba ta ɗaga hannu ba."

Sannan Inna Hasiya, mahaifiyarmu, ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ka taho da jaka ɗaya. Ka san dokarsu: baƙon da ya wuce wata shida a waje ba tare da ya nemi a riƙe masa izinin zamansa ba, izinin ya faɗi. Makon da ya kamata ka aika buƙatar, a asibiti ka yi shi, kana ba Inna kunu da cokali, domin daga hannunka kaɗai take karɓa. Wata tara ka yi a kanta har ta cika. Ƙofar komawa ta rufe, iyalinka suka tattaro suka biyo ka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Gari ya ɗauki magana. A kasuwar Katako, inda nake sayar da katako, aka ce ba wanda ke barin Turai don kunu. Wasu suka ce koro ka aka yi, wasu suka ce ƙwaya ce. Na yi ta musu, har ranar da na daina. Na fara lura da yadda kake fita waje in za ka amsa waya, da yadda ba ka son a taɓa jakarka. Wata Asabar, muna dawowa daga duba shanun wani mai suna Badung, na tsayar da mota.

"Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya. Laifi ka yi aka koro ka?"

Ka juyo ka dube ni. Sannan ka ce, "Ashraf, can baƙo ne ni, ban yi mamaki ba. Kai kuma fa?"

Ni kuma girman kai ya hana ni ba ka haƙuri. Shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya da wannan magana a tsakaninmu.

Jiya Ummusalma ta buɗe jakar a gabana. Takardun aiki ne, da takardar ƙin amincewar ƙauyen, da hoton Inna. Wayar da kake fita amsawa kuwa, manoman can ne ke neman shawararka kan shanunsu, kana ba su kyauta.

Wajen jana'izarka na ga waɗanda suka yaɗa maganar a sahun gaba, suna share hawaye. Na so in tuhume su, sai na tuna ni ma a sahun nake.

Yaya, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa hidimar da ka yi wa Inna ta tarbe ka. Allah Ya sauke ka inda ba a yi wa mai zuwa kallon tuhuma. Ga Ummusalma da Fatimatuzzahra, da yayarmu Jummare, da dukan zuriyar Baffa Jika na Bukuru da Jos Jarawa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ƙaninka,
Ashraf Jika