Ƙugiyar da Take Riga Wuta

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, akwai ƙarar da unguwarmu ta saba farkawa da ita: kukan ƙafar amalanken da ya daɗe bai ga mai ba, yana tafe yana ƙorafi. Baba Mai Ƙugiya ke nan ya fito. Yakan fara da rumfar mai faci da ke bakin titi. Sai ya jawo tsohuwar taya, ya taka ta da ƙafa, ya tsaga leɓenta da wuƙa, ya soka ƙugiyarsa, ya ja da baya da duk ƙarfinsa har zoben wayar da ke ciki ya fito. Wayar ya bar wa mai faci ya sayar, robar ya ɗora a amalanke. Daga nan sai gareji, sai wurin masu wankin mota, sai bakin kwata inda kowa ke yar da abin da ya gaji da gani. Rana ba ta yin zafi sai ya koma filinsa na bayan layinmu, ya zauna yankan takalma da guga da kwamin shayar da dabbobi.

Baƙo zai ce tsohon nan wahalar da kansa yake yi. Ga dalilinsa. Abin da ke sa a ƙona taya ita ce wayar nan mai kauri da ke leɓenta, don masu sayen ƙarfe ita suke nema. Hanya mafi sauƙi ita ce a tara tayoyi, a zuba mai, a kyasta ashana, a dawo a tsinci waya cikin toka. Baba ya gane cewa tayar da aka cire wa waya ba mai ɓata ashanarsa a kanta. Shi ya sa yake sammako. Tsere yake yi da wuta, kuma tun kafin a haife ni yake riga ta zuwa.

Mai faci ya sha tsokanarsa. "Baba, wai kai ba ka gajiya? Ashana ɗaya ta gama abin da kake wuni kana yi."

"Ta kuma gama da huhun 'ya'yanka. Taka mini nan, malalacin banza, kana tsaye kamar an dasa ka."

"To ai ni ba a biyana kuɗin takawa."

"Wayar da kake sayarwa fa, daga sama take faɗo maka?"

Ni ban san darajar wannan aiki ba sai da na haifi 'yata. Da ciwon asma ta zo duniya. Duk uwar da ta taɓa ɗora kunne a ƙirjin ɗanta tana jin fito maimakon numfashi ta san abin da nake nufi. Tana da shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da Baba, amalanke bai fito ba, tayoyi suka taru a gareji da wayarsu. Wata safiya hayaƙi ya tashi daga bayan kwata, baƙi ƙirin, mai maiƙo, irin wanda ke zama a labule ya ƙi fita. Na rufe tagogi, na jiƙa zane na toshe ƙarƙashin ƙofa, duk da haka ya shigo. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na yi asibiti da gudu ko takalmi babu.

Ranar da aka sallame mu na tarar da Baba a ƙofar gida, yana jingine da bango, jikinsa bai gama warwarewa ba. Bai yi dogon jaje ba. Ya dubi yarinyar ya ce, "Uwata, ki yafe mini, na makara." Tun daga ranar yake ce mata uwarsa, ita kuma da ta iya magana take ce masa Kaka. Ya rataya mata lilon taya a bishiyar filinsa, ya huda ƙasansa don kada ruwan sama ya kwanta sauro ya samu gida. Duk tayar da ke filin haka take, ko a huje ko a kife. In ya ga wadda ta tara ruwa a hanya, ko sauri yake sai ya tsaya ya juye ta.

Telan layinmu ya ga abin da ya fi wannan, kuma har yau in yana ba da labarin sai ya tsayar da keke. Wasu masu ƙona taya su uku sun tara tuli a bayan shagonsa, har sun zuba mai. Sai ga Baba da amalanke. Bai ɗaga murya ba. Ya hau kan tulin ya zauna, ya miƙe ƙafa.

Babbansu ya ce, "Tsoho, sauka, mu ma abinci muke nema."

"Na sani. Waya kuke so ko hayaƙi?"

"Waya mana."

"To ku zauna a inuwa, kun yi baƙi ma tun ba ku kunna ba."

Ya sauko ya cire musu wayar tas, taya bayan taya, har la'asar, hannunsa yana jini. Ya tura musu zobban gabansu ya ce su bar masa robar. Da suka kai wa mai sayen ƙarfe, ya fi son ta a kan wadda wuta ta ci. Biyu daga cikinsu sun dawo daga baya suka ce a ƙera musu ƙugiya. Na ukun bai dawo ba, kuma Baba bai taɓa zaginsa ba. Cewa yake yi yunwa ba ta jin warin hayaƙi.

Kai ne mai riga wuta, Baba. Kai ne ka tsare numfashin yaran da ba ka haifa ba, ba wanda ya ɗauke ka aiki, ba wanda ya taɓa ce maka sannu da sunan hukuma. Mun sha shanya farin kaya a waje mu kwashe su farare, muna tsammanin haka Allah ya yi unguwar.

Sai aka yi babbar gobara a wata ma'ajiyar taya can wani gefen gari, hayaƙi ya rufe rana, asibitoci suka cika da yara. Hukuma ta yi doka: ba a tara tayoyi cikin unguwa. Duk mai wannan sana'a sai ya samu takardar izini, da fili nesa da gidaje, da daɓen siminti, da katanga, da kayan kashe gobara. A matsayina na uwa ba zan ce dokar ba ta da kyau ba. Da an nemi hannuna, da na sa. Amma doka tana zuwa inda akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma a duk masu harkar taya na wajenmu Baba kaɗai ke da fili da aka sani. Mai ashana ba shi da adireshi.

Jami'in da ya zo mutumin kirki ne. Sai da ya durƙusa ya gaishe da Baba. Ya zaga filin, ya ga tayoyi a kife, ya ga gangunan yashi da Baba ya tanada saboda wuta.

"Baba, na ga aikinka, wallahi na gani. Amma takardar da aka ba ni ba ta san ka ba."

"Ɗana, yi aikinka. Abu ɗaya zan tambaye ka. In na rufe, wa zai riƙa zagayawa da safe?"

"Akwai masana'antar da aka ba izini a bayan gari. Motarsu za ta riƙa zuwa kwasa."

"Yaushe?"

"In kaya sun isa cika mota."

Baba ya gyaɗa kai. "To kafin mota ta cika, ashana ta cika aikinta."

Ba shi da halin sayen fili da yin katanga, kafaɗarsa ta dama kuma dama ta daɗe tana roƙonsa hutu. Babban ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa gidansa, tafiyar mota biyu daga nan. Aka kwashe filin. Ba abin da ya rage sai lilon, da zagayen da tayoyi suka bari a ƙasa inda ciyawa ba ta fito ba.

Motar masana'anta tana zuwa, ba zan yi mata ƙarya ba, amma sai ta ga dama. Tsakanin zuwa da zuwa tayoyi na nan jibge a gareji da wayarsu. Hayaƙi ya dawo. Yanzu da safe ba kukan amalanke nake saurare ba, hanci nake ɗagawa in shinshina iska kafin in buɗe taga, maganin shaƙar yarinyar kuma ba ya barin jakata. Ita kuwa in ta ji wani baro yana ƙara a waje sai ta ruga ƙofa, ta dawo a hankali ta ce, "Ba shi ba ne."

Kwanan baya na kai ta ta gaishe da Baba. Mun same shi zaune a tsakar gida mai tsafta, an sa masa kujera mai laushi, hannuwansa a kan gwiwa kamar baƙi a jikinsa. Surukarsa ta ce har yanzu da asuba yake tashi ya tsaya a ƙofa, sannan ya tuna ba inda za shi. Bai tambayi filinsa ba, bai tambayi kowa ba. Ya jawo yarinyar, ya ɗora kunnensa a bayanta ya ce, "Uwata, ja numfashi." Ta ja. Ya ji fiton. Ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ƙugiyar a naɗe cikin tsumma. Ƙotarta ta yi sulɓi, ta ɗauki siffar yatsunsa.

"'Yata, tarawa aka hana. Ba a hana cire waya ba. Kai wa malalacin nan mai faci, ki ce in ya kwance taya ya cire mata waya nan take, kafin ya ajiye ta. In ya ce bai iya ba, ƙarya yake, shekara da shekaru yana tsaye yana kallona."

Na kai masa. Mai faci ya karɓa, ya juya ta a hannu, bai yi tsokana ba. Washegari na wuce na gan shi ya taka taya yana ja, gumi na zuba, yana mitar cewa tsohon nan ashe ba mutum ba ne, inji ne. Mai gareji ya sa an ƙera masa tasa. Wurin masu wankin mota har yanzu ana lallashi.

Baba, mun gode. Allah ya sa hannuwan nan su huta da lada, ya ba ka lafiyar kafaɗa, ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya ƙirjin 'ya'yanmu. Ku kuma masu rubuta doka, ku riƙe dokarku, muna son ta, amma ku buɗe ƙaramar ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi irinsa, ku kuma nemi mai ashana inda yake. Sauranmu, duk wanda ke da tsohuwar taya a bayan gida ko shago, kada ya bar ta da wayarta, kada ya bar ta da ruwa a ciki.

Jiya 'yata ta ji mai faci yana fama da wata taya, ta tsaya ta ce masa, "Ba haka Kaka yake yi ba, taka ta sosai." Ya taka. Wayar ta fito. Ranar tagarmu a buɗe ta wuni.