Daminar da Na Ja Kurkunu

Ƙafata ta hagu ba ta lanƙwasuwa a idon sawu, kuma na gaji da ce wa jikoki daga bishiya na faɗo. Ba wata bishiya. Tsutsa ce, kuma ni na jawo wa kaina.

Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, daminar da ta biyo bayan rasuwar Baba. Ya bar mini gona a Achika, da Inna, da ƙanne mata biyu. Gero ya tsiro ke nan, ana shirin noman farko, sai wani ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na tsoma ƙafar a ruwa don in ji sanyi, sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Kurkunu. Ashe tun bara yake kwance a jikina, ina ci yana ci. A lokacin ba mu san a ruwan kududdufi ake shansa ba.

Shi kurkunu ba a yi masa ƙarfi, lallaɓa shi ake yi. Inna ta samo sillen kara ta ɗaure kansa a jiki. Kullum da safe sai ta jiƙa wurin, ta shafa man shanu, ta murza karan a hankali. Ran da ya ga dama ya ba da tsawon yatsa, ran da bai ga dama ba ya ƙi. Da ta ji ya turje sai ta tsaya, ta ɗaure da tsumma.

"Inna, ƙara murzawa ɗaya mana."

"A'a. Yau iyakarsa ke nan."

Gayya ma ba ta kirawuwa, don rabin mazan unguwarmu suna zaune a inuwa, kowa da karansa a ƙafa. Ƙannena suna zuwa gonar, amma me hannunsu zai yi? Kullum su dawo da labari ɗaya: ciyawa ta kamo gero, ciyawa ta wuce gero. Ni kuwa ina kan tabarma, ƙato da ni, ina gadin tsutsa. Na gaji da tabarmar, na gaji da warin man shanu, na gaji da masu zuwa sannu. Tsoro kuma nake ji, don abin da ke gonar nan shi ne tuwonmu na shekara.

Wata Juma'a, bayan kusan mako uku, Inna ta tafi kasuwar Wudil sayar da daddawa. Na kwance tsumman. Na murza sau ɗaya, ya biyo. Na ƙara, ya biyo. Har na fara cewa a raina tsofaffi dai da son jan rai. A na uku ya turje, ni kuma na ja.

Ban ji ƙarar komai ba. Karan ne kawai ya yi sakayau a hannuna, sauran tsutsar ya shige ciki.

Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Wanzami ya tsaga ta sau biyu. Wata biyu na yi a kwance, da na tashi kuma idon sawun ya sandare. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, dole aka kai ƙaramar ƙanwata riƙo wajen gwaggo a Ɗankaza, can ta girma.

Amma duk wannan bai tsaya mini a rai kamar dawowar Inna daga kasuwa ran nan ba. Ta ajiye ƙwarya, ta dubi ƙafar, ta dubi karan. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna ta warware abin da muka tara, ta auna da hannunta, ya kusa kamu biyu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ai ya zo ƙarshe," in ji ta. "Jibi da ka riƙe fartanya."