Littafin da Ya Ci Gonar Taumaia

Duk tsibirin Savai'i ba na jin akwai mai riƙe sunayen kakanni kamar Taumaia. Kaka goma sha huɗu take jerowa ba gargada, hannunta na kan saƙar tabarma. A wurinmu salsala ba abin wasa ba ce, da ita ake sanin mai gona, shi ya sa ba a rubuta ta, ba a kuma faɗa wa bare. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ko ni ban taɓa jin ta duka ba.

Sai ga Penaia, ɗan ƙaninta, ya dawo daga Sydney, wai shi marubuci. Sati uku yana gabanta yana narkar gwaza da kifi, ita kuwa ta zazzage masa komai, don jininta ne.

Littafin ya fito. Na karanta, kaina ya ɗaure: rabi tarihi, rabi mafarki, matattu na hira ta waya, wani babin ma yadda ake gasa alade ne kawai. Turawa suka yi ta yabo. Sunayen duk na gaskiya ya zuba, amma ya mai da kakansu Tuifao ƙane, ƙanen ya zama wa, wai labarin ya fi daɗi haka.

Mu kuwa da Littafi Mai Tsarki muka koyi karatu, abin da aka buga a takarda ba ma musu da shi. Jikokin wancan ƙanen sun daɗe suna haɗiyar yawu kan gonar kwakwar Taumaia, gona kuwa a wurinmu jikokin wa ne ke gadonta. Da ɗan gari akan ci gari. Suka kai littafin zaman dattawa.

"Iya, ga shi a rubuce," in ji babbansu. "Ɗanku ne ya rubuta, ba mu ba. Ko shi ma ƙarya yake?"

Ta gyara zama ta jero sunayen yadda ta san su. Wani ya ce tsufa ne, ta fara ruɗewa. Aka ba su gonar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ta buga wa Penaia waya, ina wurin.

"Haba Gwaggo, ƙagaggen labari ne fa, kowa ya sani!"

"Kowa na can ya sani, ɗan nan. Mu nan ba a gaya mana ba."

Bara ya sake zuwa da na'urar ɗaukar murya. Littafi na biyu zai yi, ya ce wannan karon zai gyara. Taumaia ba ta ɗago ba. Ta jero masa sunayen tiryan-tiryan, ta sa ƙane a gaban wa.

"Gwaggo, ai ba haka ba ne."

"Haka yake a rubuce," ta ce, ta ci gaba da saƙarta.